Sarah Bernhardt: muryar da sinima bai ɗauka ba

Masu nazarin tarihin sinima sukan yanke wa Sarah Bernhardt (1844-1923) hukunci bisa fim ɗinta na 1912, "Les Amours de la reine Élisabeth": wai motsinta ya yi yawa. A ganinmu, wannan hukunci bai yi adalci ba. Tun da ta hau dandalin Comédie-Française a 1862, sana'arta a bakinta take: yadda take jan wasali, da inda take numfasawa cikin baiti mai gaɓa 12. Fim ɗin kuwa bebe ne. Abin da na'ura ta ɗauka motsi ne da aka auna domin mai zama can ƙarshen zaure, aka raba shi da maganar da ke ɗauke da shi.

Shaidar da ta fi dacewa ita ce muryarta da aka naɗa a 1910, tana faɗin baitocin "Phèdre" ta Racine. Muryar tana rawa, tana hawa kamar mai rera waƙa. Kunnen yau zai ce ta wuce gona da iri (mu ma haka muka ce da farko). Amma a nan ne mai nazarin harshe yake samun abin aunawa. Bayan an yanke mata ƙafar dama a 1915, a zaune take wasa, kuma mutane ba su daina zuwa ba.