Ƙofa Ta Faɗaɗa, Masu Dubawa Ba Su Ƙaru Ba

A manyan manhajojin da aka bar rubutunsu a buɗe ga kowa, irin su Linux da Python, gyara ba ya shiga kai tsaye. Sai wani ya bi shi layi-layi, ya ce a sake nan, a rage can, sannan a haɗe shi da uwar aikin. Salon wannan dubawar shi ke nuna wanda zai iya shiga sahu.

Masu Linux har yau ta imel suke aiki. Ka rubuta gyaranka, ka sa sunanka a ƙasa shaidar cewa kana da ikon bayar da shi, ka aika wa mai kula da sashen. Gwanaye na jin daɗin hanyar. Sabon shiga kuwa, manhajar imel ɗinsa kaɗai na iya dagula tazarar layuka, a mayar masa da aikin tun ba a duba amfaninsa ba. A Gerrit kuwa, manhajar dubawa da aka gina a Google saboda Android, ƙuri'a ake kaɗawa, daga -2 zuwa +2, kuma amintattu ne kawai ke da ikon ba da +2. Dandalin GitHub da ya zo a 2008 ya sauƙaƙa komai: ka kwafi aikin, ka gyara, ka danna maɓalli ka nemi a karɓa.

Sauƙin nan alheri ne, amma a gefen mai aikowa ya tsaya. A Oktoban 2020, wani shirin da ke ba da riga ga duk wanda ya aika gyara huɗu ya jawo ambaliyar gyare-gyaren banza, masu kula suka koma shara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne labarin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Lasse Collin ya shafe shekaru yana ɗauke da ita kusan shi kaɗai, ba albashi. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya bi tsanin da aka saba bi, ƙananan gyare-gyare na wajen shekara biyu, har aka amince masa da fitar da sabon zubi. Sai ya cusa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Injiniya Andres Freund ne ya bankaɗo ta a Maris 2024, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ba manhajar dubawa ce ta kama ta ba, mutum ne mai naci.

Kamfanonin da ke cin moriyar waɗannan ayyuka su biya masu dubawa. Kai kuma mai son shiga, kafin ka aika gyaranka na farko, ɗauki na wani da ke jiran layi, ka gwada shi a kwamfutarka, ka rubuta abin da ka gani.