Jinjina ga Masu Miyar Taushe

A ƙasar Sin tohon gora ake haɗawa da nama, a bar shi ya nuna a hankali. Mu a Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, kabewa ce ke riƙe da wannan matsayi, kuma iyayenmu mata ne gwanayenta.

Tun da hantsi Inna ke ɗora tantaƙwashi a tukunyar ƙasa, da albasa da daddawa. Ba ta cika wuta. Itace biyu take turawa cikin murhu, domin ta san gaggawa ba ta fitar da ɓargo daga ƙashi. Sai nama ya fara sakin ƙashinsa take zuba kabewar da aka yanko daga bayan gida, ta dahu har ta narke, a bi ta da markaɗen gyaɗa. Yakuwa da alayyahu su ne ƙarshen shiga, kada su mutu a wuta.

Abin da ya fi burge ni shi ne awonsu. Babu sikeli, babu agogo. Ƙamshi kaɗai ke gaya musu gishiri ya ji.

Allah ya saka muku da alheri, iyayenmu. Gobe ma da funkaso za mu zo.