Ƙafiyar Araha a Waƙar Rap ta Koriya

Mai karatu, duk wanda ya taɓa zama gaban mai rera rubutacciyar waƙa ya san kunne ba ya yafe ƙafiya. To, a nan ne 'yan rap na Koriya ta Kudu suka sha wuya, kuma harshensu ne ya jawo musu.

Gaɓar kalmar Koriyanci ba ta da faɗi. Baƙi a gaba, wasali a tsakiya, in ta kama wani baƙin ya rufe. Rubutunsu ma, Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, gaɓa-gaɓa ake ɗaure shi kamar dami. Sautin da ke iya rufe gaɓa bakwai ne kacal: k, n, t, l, m, p da ng. Sannan aikatau a ƙarshen jimla yake zama, yana jan wutsiya irin su "da" ko "yo". Ka ga ke nan ko ciniki mutum yake a kasuwa, jimlolinsa za su riƙa amsa wa juna. Wannan ai tsintuwa ce, wa zai kira ta gwaninta? Ga shi tsohuwar waƙarsu, sijo, a kan ƙidayar gaɓoɓi aka gina ta, balle a ce sun gaji ƙafiya.

A 1992 ƙungiyar Seo Taiji and Boys ta shigar da rap gida-gida, amma da yawan waɗanda suka biyo baya wannan wutsiya suka riƙe. Sai a 2001 Verbal Jint ya fitar da Modern Rhymes. Shi wasulan gaɓoɓi da dama yake jerawa su dace da na wani layin, ko ya juya jimlar ta ƙare da suna, tunda nahawunsu ya yarda a sauya wa kalmomi wuri. Ni dai a nan na sara masa, don ya sa harshen ya yi gumi.

Amma fa maganin ya zo da nasa ciwon. Wasu sun murɗe magana har ma'ana ta gudu, wai don wasula su dace. (Mu ma kada mu yi dariya, muna da masu lafta "wa" a ƙarshen kowane baiti.) Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu ɗauko kalmar Turanci su toshe ƙarshen layi da ita. Sai ka ji layi ya taso da Koriyanci tiryan-tiryan, yana zuwa inda ake jiran aikin mawaƙi, sai ga Ingilishi ya faɗo.