Ɗakin karatun nan na wa ne?

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya yi shirin BEPC ko BAC a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san ɗakin karatu, ko na lise, ko na gidan matasa, ko irin waɗanda ake kira CLAC. Ba na raina su. Da yawa cikinmu can muka fara riƙa littafin da ba na aji ba. Amma ku dubi kujerun da kyau: mu kaɗai ne a kai, ƴan lakwal masu jin Faransanci, kuma mafi yawa maza. Jarrabawa na wucewa, sai mai gadi da ƙura.

In an tambayi dalili, amsar da ake badawa guda ce: wai mutanenmu ba su son karatu. Ni ban yarda ba. Malamin zaure da ke bitar littafin fikihu tun asuba karatu yake yi. Dattijon da ke rubuta bashinsa da ajami, da matar aure da ke hayar littattafan soyayya na Kano tana gama ɗaya a kwana biyu, da Ba'abzinen da ke rubutu da tifinag, duk masu karatu ne. Ɗakin karatun ne bai lissafa da su ba. Tun daga allon bakin ƙofa har katin shiga da sunayen kantoci, komai da Faransanci, to mutum ya gane tun daga nesa ba shi aka gina wa ba.

Dokar 2001 ta ambaci harsunan ƙasa goma, daga Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak har zuwa Gurmanci, Tubanci, Larabci, Buduma da Tasawak. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida kuwa tun 1973 aka fara su, a Damagaram. Ke nan akwai mutanen da suka koyi karatu da harshensu shekaru aru-aru, suka fito ba su samu abin karantawa ba. In ka ci sa'a ka tarar da littattafan harsunan gida, a kanta ta ƙasa suke, can kusurwa, yawancinsu kan wanke hannu da yaƙi da sauro. Kamar mai jin Barbarci ba ya son labari, sai gargaɗi. Abin dariya, littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin Lugu ne, amma jikokin mutanen Lugu sai sun bi ta Faransanci kafin su kai gare shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da ake kawowa. A ware rana guda a shekara, a kira ta ranar al'adu, a sa yara rawani da zanen saƙi, a yi kiɗa, a ɗauki hoto. Washegari kantoci na nan yadda suke. Al'adar mutum ba ta tsaya ga rawa ba, har da abin da ya rubuta. A Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda Boubou Hama ya aza harsashin tara su, CELHTO kuma tana da muryoyin maroƙa da masu ba da tarihi da aka naɗa. Masu bincike daga Turai sun san hanyar wurin. Me zai hana a kwafo wasu a kai Tasawa ko Madawa, inda jikokin masu su suke?

Kuma wani gyaran ko jika ɗaya ba zai ci ba. A rubuta allon ƙofa da boko, ajami da tifinag. A buɗe bayan la'asar, lokacin da mai sana'a ya tashi. A ware wa mata yini, don mun san akwai gidajen da ba za a bar yarinya ta zauna cikin samari ba. A kai akwatin littattafai kasuwa ranar da take ci. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa, ai a rediyo haka ake yi kuma mutane na saurare.

Sai dai ina da magana da mu Hausawa. Tunda a 2025 aka ba Hausa matsayin harshen ƙasa, na ji wasu abokai na murna wai yanzu sai a cika kantoci da Hausa a huta. In muka yi haka, Bafulatanin da ke rugga bayan Dakwaro da Babarbaren da ya zo karatu daga Difa za su tsaya bakin ƙofa daidai inda kakanninmu suka tsaya. Mu kanmu a wannan ƙungiya, in za mu buga ɗan littafi na gaba, ina ba da shawarar mu bar shafuka huɗu ga masu rubutu da Fulatanci, Tamajak ko Barbarci, mu kai kwafi goma ɗakin karatu mafi kusa, mu roƙa a aza su a kantar da ido ke fara gani.