Ƙaryar da Ta Goyo Gaskiya

Wanda duk ya zauna a Kafur da kaka, bayan an kai masara rumbu, an auna auduga an tura Funtuwa, ya san inda maza kan taru bayan lisha. Wurin mai shayi ne, gaban akwatin talabijin. A can na fara kallon "Kwana Casa'in", wasan da tashar Arewa24 ta soma nunawa a 2019.

Labarin wata jiha ce da babu ita a taswira, wai ita Alfawa, da gwamnanta Bawa Maikaɗa, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa. Saura kwana 90 a yi zaɓe, sai ga cin amana, da satar dukiyar jama'a, da zub da jini, duk don kada kujera ta kuɓuce.

To, bari mu fara da aibin wasan. Lalle an cika masa gishiri. Asiri yakan tonu daidai lokacin da mai tsara labari ke bukata, mai laɓe kuwa ba ya rasa ƙofa a buɗe. Ga kuma malamin makaranta, Malam Adamu, ya fito ya kara da gwamna mai ci, ba shi da jari sai gaskiyarsa. Wani tsoho da ke kusa da ni ya yi tsaki, ya ce ko kansila ba a nema da haka. Amma fa bai tashi ba sai da aka gama, mako na zagayowa kuma shi ya riga kowa zuwa.

Me ya zaunar da shi? Ga abin da na gani. Talaka ya saba ganin ƙarshen ɓarna, bai taɓa ganin mafarinta ba. Ya san damina ta sauka takin zamani bai iso ba, ya san ya kai mara lafiya asibiti an ce babu magani. Ɗakin da aka ƙulla wannan abu kuwa a rufe yake gare shi. Wasan nan ya buɗe ɗakin, ya shigar da manomi ciki, ya ji yadda ake cinikinsa. Watau aikin tatsuniya ke nan. Ba wanda ya yarda Gizo ya taɓa magana, amma kowa ya san mai halin Gizo a unguwarsu.

Sai dai akwai haɗari. Mutum na iya kallon mugu ya ji kunya a akwati, ransa ya yi sanyi, ya kwanta kamar an biya shi hakkinsa, alhali ba abin da ya sake. Saboda haka ku da Allah ya ba karatu, ku kalla, ku ji daɗi, amma ku riƙa sheƙe labari kamar yadda ake sheƙe dawa. Ƙaiƙayin a bar wa iska. Tsabar kuwa a adana ta, don akwai ranar da masu neman ƙuri'a za su yi sallama a ƙofar gida.