Soja da Gawa Mai Tafiya: Nazari Kan Labaran Zombi

Labaran zombi, wato gawarwakin da ke tashi suna cizon masu rai har su ma su koma irinsu, sun samo tushe ne daga al'adun mutanen Haiti. Amma siffar da duniya ta sani a yau, George Romero ne ya fito da ita a fim ɗinsa na 1968, Night of the Living Dead. Tun daga lokacin, duk wanda ya ɗauki wannan jigo sai ya yi karo da tambaya guda: ina sojoji? Ta yaya gawa mai jan ƙafa za ta rinjayi ƙasar da ke da jiragen yaƙi da tankoki?

Yawancin fina-finai kauce wa tambayar suke yi. A 28 Days Later na 2002, jarumin ya farka ne a asibiti bayan an gama cin Landan. A Train to Busan na 2016, fasinjoji sun isa tashar Daejeon sun tarar sojojin da aka turo tsaro sun riga sun kamu. Mai kallo ba ya ganin yadda rundunar ta faɗi, sai dai a nuna masa ta faɗi.

Max Brooks ne ya tsaya ya ba da amsa a littafinsa World War Z na 2006. A yaƙin Yonkers da ya ƙirƙira, sojojin Amurka sun fito da igwa da makamai masu linzami, suka sha kashi. Dalilin kuwa a fili yake. An ƙera makaman zamani ne don su raunata jiki, su jefa tsoro, su katse wa abokan gaba hanyar abinci da mai. Zombi ba ya tsoro, ba ya jiran kwamanda, ba ya neman guzuri, kuma sai an same shi a kai yake faɗuwa. Ga shi duk sojan da aka ciza ya ƙara wa ɓangaren zombi yawa. Nasara ba ta samu ba sai da rundunar ta ja da baya zuwa tsaunukan Rocky, ta sake horo, ta dawo da sojan ƙasa a sahu, kowa na harbi ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa.

Su kansu sojojin gaske sun taɓa gwada tunanin. A 2011, wasu hafsoshin rundunar STRATCOM ta Amurka da ke jihar Nebraska sun rubuta shirin CONPLAN 8888 na tunkarar zombi, domin koya wa ƙananan jami'ai tsara shirin yaƙi ba tare da ambaton wata ƙasa ba. Mujallar Foreign Policy ta bayyana shi a 2014. Abin lura shi ne matakinsa na ƙarshe: mayar da mulki hannun farar hula.

A nan ne nake ganin gurguncewar wannan nau'in adabi. Yana ɗaukar abin a matsayin yaƙi, alhali annoba ce, kuma Afirka ta Yamma ta ga yadda annoba ke yi da ƙarfin bindiga. A watan Agustan 2014, sojojin Laberiya sun killace unguwar West Point a Monrovia saboda Ebola. Mutane suka fusata, aka yi harbi, wani yaro ya rasa ransa, bayan kwana 10 aka janye shingen. Najeriya kuwa, da cutar ta shigo Legas a watan Yuli, bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu ɗauke da ita aka yi, da taimakon ma'aikatan yaƙi da cutar shan inna. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta kau daga Najeriya.

Saboda haka rundunar da ta san aikinta za ta fara ne da tsare asibitoci, madatsun ruwa da tashoshin lantarki, ta kwashe jama'a, ta kai abinci, ta kuma faɗi gaskiya tun da wuri, domin tun ran gini ran zane. Wanda ke tsoron soja zai ɓoye cizon da ke jikinsa, ya shiga da shi cikin sansani. Labarin zombi da ya manta da wannan, komai yawan harsashin da aka harba a cikinsa, bai fahimci aikin soja ba.