Jinjina ga Kanikawan Salansa

Gasket ɗin da ke tsakanin kan injin da bakin salansa ɗan faifai ne mai araha, amma canza shi sai gwani. Idan ya ƙone, mota kan riƙa yin "tak-tak-tak" da sassafe, ƙarar ta lafa in injin ya yi zafi, domin ƙarfe ya buɗe ya toshe kafar. Bakaniken kirki da kunne yake ganewa, sannan ya leƙa ya nemi baƙin tabon hayaƙi a gefen mahaɗar.

Wahalar tana wajen kwance notoci. Shekara da shekaru suna shan wuta suna hucewa, tsatsa ta kama su gam. Mai gaggawa zai danna sifana da ƙarfi, ƙusa ta karye a cikin kan injin, aikin awa guda ya koma na kwana biyu. Su kuwa waɗannan bayin Allah sai su bar injin ya huce, su fesa mai, su jira, su lallaɓa notin gaba da baya har ya saki. Sai su kankare ragowar tsohon gasket tas, su duba ko ƙarfen ya lanƙwashe, su ɗaure sabon daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan.

Direbobi da yawa ƙarar kawai ke damunsu. Alhali hayaƙin da ke tsiyaya yana ɗauke da gubar kabon monoksaid, marar wari, wadda kan shiga cikin mota ta sa ciwon kai da gyangyaɗi a kan sitiyari.